Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

A wannan wata na so mu ci gaba da maganar tarbiyyar yara, to amma ku yi mini afuwa, akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda ba zan iya tsallake shi ba.

Yau wata uku ke nan da Allah Ya yi wa Kawuna rasuwa. Shi da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa a cikin birnin Kano, sannan kuma aminin maigidana ne, duk da ya girme shi nesa ba kusa ba. Kusan kullum bayan sallar Isha'i suna kan dakali suna sauraren rediyo. A aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i, Allah Ya lissafa waɗanda Ya umarce mu da kyautata musu, a ciki har da maƙwabci na dangi, da maƙwabci bare, da abokin zama. To ni Kawu maƙwabci ne, ɗan'uwa ne, kuma abokin zama ne, amma shi ne ya riƙa sauke mana haƙƙin da ya kamata a ce mu muke sauke masa.

Kawu ba mai kuɗi ba ne. Tsohon direba ne da ya yi ritaya, abin da ya mallaka bai wuce gidansa da wata tsohuwar mota Peugeot 504 ba. Sai dai motar nan ta zama ta unguwa. Ba zan taɓa mantawa da harin da aka kai Kano ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012 ba, wanda ya sa aka kafa dokar hana fita. A tsakiyar wannan hali naƙuda ta kama ni cikin dare, ga shi maigida babur kawai gare shi. Bugu ɗaya ya yi wa ƙofar Kawu, sai ga shi ya fito da makulli a hannu, ko hula bai tsaya sawa ba. Ya kunna fitilar cikin mota don a ga ko su wane ne, yana tafiya a hankali, duk shingen da muka iso sai ya fita hannu a sama ya yi bayani, har muka isa Asibitin Murtala. Da maigida ya kawo masa kuɗin mai, cewa ya yi, "Kai dai ka saya wa jaririya sabulu." Yarinyar nan yanzu ta zama budurwa.

Sai a zaman makoki muka san cewa abin da muka sani kaɗan ne. Mai shagon bakin layi ya ce duk ƙarshen wata Kawu yana biyan kwano biyu na gero da sukari a kai wa wata tsohuwa da ba ta da kowa, da sharaɗin kada a faɗi daga inda ya fito. Wata bazawara ta ce shi ke biya wa marayunta kuɗin Islamiyya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an taɓa wucewa da wata gawa, sahabbai suka yabe ta, sai Manzon Allah (SAW) ya yi mata bushara da Aljanna, ya sanar da su cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Muna yi wa Kawu fatan wannan shaida.

To amma 'yar'uwa, ba don in yabi Kawu kaɗai na ɗauko alƙalami ba. Laifina nake so in faɗa miki. An yi kwana uku, an yi bakwai, aka kwashe rumfa, aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Ni da na fi kowa kuka, sai hidimar gida ta ɗauke mini hankali, na koma aika yara su gaishe da Inna, matarsa. Wata rana, wajen mako shida da rasuwar, na shiga da azahar. Na tarar da ita zaune ita kaɗai a kan darduma, murhu a sanyaye, tukwane a kife. Na ce, "Inna, yau ba a ɗora ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Ai azumi nake yi, 'yar nan." Sai jikarta ce ta rako ni zaure ta raɗa mini cewa tun jiya da rana ba su ci komai ba sai koko. Kuɗin fansho ya tsaya, ana ta kai da kawo a kan takardu. Katanga ɗaya tsakaninmu, ƙamshin miyata yana shiga gidan, amma ban sani ba. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) yake tuna wanda ya rasu. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa bayan rasuwar Nana Khadija (RA), yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya iso daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, umarni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci. Ya kuma hori Abu Zarri (RA) da ya ƙara wa miyarsa ruwa don maƙwabta su samu. Mu kuwa sau da yawa sai mu cika gidan mutuwa, a ƙarar da ɗan hatsin da mamaci ya bari wajen ciyar da mu, sannan mu watse. Alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma kaɗaici da rashi sun fi cizo bayan ƙafa ta ɗauke.

Ga abin da muka yi, ko wata za ta ɗauka. Mu bakwai matan layinmu muka raba kwanaki, kowacce da ranar da za ta kai kwano, ta kuma zauna a yi hira, don ba aike ake so ba, zumunta a ƙafa take. Maigida ya tsaya a kan takardun fansho. Shi da sauran abokan dakali suka karɓi awon tsohuwar nan da kuɗin Islamiyyar marayu. Motar kuwa, da yardar magada, an gyara ta an ba wani matashi makulli, kuma makon jiya ta sake kai wata mai naƙuda asibiti.

'Yar'uwa, wane gida aka yi rasuwa a layinku bana? Yaushe rabonki da shiga? Ki daure yau ki leƙa, ki kuma saci kallon murhu, domin mai kunya ba za ta faɗa miki ba. Idan kuma Allah Ya ba ki maƙwabci irin Kawu yana raye, ki gode masa tun yana ji. Ni ban taɓa zama na yi masa godiyar daren nan yadda ta kamata ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan dukkan magabatanmu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.