KYAMARAR DA BA TA KARANTA LAMBA, ADO CE KAWAI

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da ke zirga-zirga tsakanin Kontagora da Tungan Magajiya. Yau ba maganar lakca ko jarabawa zan yi ba.

Ranar da muka dawo hutu, muna cikin motar haya, wani abokin karatunmu na Makarantar Koyon Aikin Lafiya yana gabanmu a kan babur. Wata mota ta zo a guje, ta wuce mu, ta goge shi, ta ƙara wuta. Allah ya sa da sauran kwana, amma ya samu karaya a hannu. Direbanmu ya ce mu kwantar da hankali, kyamarar gaban motarsa ta ɗauki komai. Muka buɗe bidiyon. Ga mota nan, ga launinta, amma lambar ta zama dishi-dishi, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Na ce, "Baba, a kan me ka saita ta?" Ashe yaron da ya ɗaura masa ita ya sa ta a 480p, wai don kada memori ya cika. Yau iyayen yaron nan ne ke biyan kuɗin magani su kaɗai.

Ra'ayina shi ne, duk mai wannan kyamara kada ya sauka ƙasa da 1080p. Dalili kuwa lissafi ne. Hoton 720p ɗigo 1280 ne sau 720, bai kai miliyan ɗaya ba. Na 1080p kuwa 1920 ne sau 1080, ya haura miliyan biyu. Lambar mota ɗan ƙaramin wuri take ci a cikin hoto, in ɗigon ya yi kaɗan babu mai iya dawo da ita daga baya.

Wani zai ce to a sa 4K mana a huta. Ni dai ban goyi baya ba. Tana cinye memori da sauri, kuma tana sa kyamara zafi. Ku tuna ranar Maris da Afrilu a bayan gilashi. Kyamarar da ta mutu don zafi ba ta ɗauki komai ba. Ƙari kuma, wasu masu arha sunan 4K ɗin a kwali kawai yake.

Tsoron cikar memori ma ba hujja ba ne. Katin 32GB yana ɗaukar wajen awa huɗu a 1080p, ya danganta da kyamarar, kuma in ya cika sai ta riƙa goge tsoho tana ɗora sabo. Abin lura ɗaya ne: akwai setin da ke kulle bidiyo in mota ta girgiza, don tana zaton haɗari ne. A hanya mai ramuka, in ba a rage ƙarfinsa ba, kowane rami sai ta kulle, har katin ya cika.

Sauran ƙananan abubuwa: a saita kwanan wata da lokaci daidai, a goge gilashi lokacin hunturu, a bar sauti a kunne. Da dare hasken fitila kan haske lamba ta ɓace, don haka in abu ya faru, karanta lambar da ƙarfi kyamara ta naɗi muryarka. In za ka tura wa 'yan sanda ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage masa inganci.

Mu ne fasinjojin motocin nan kullum. In ka ga kyamara a gaban mota, tambayi direba cikin ladabi ku duba setin tare. Minti biyu ne.

Allah ya ba ɗan uwanmu lafiya, ya tsare mu a hanya. Ko ya kuka gani?