Sinadarin wiwi da ba ya bugarwa: maganin asibiti ne, ba na tebur ba

Ana yawan turo saƙonni a WhatsApp cewa Turawa sun gano wiwi magani ce. Matasa a Gumel da Maigatari na karantawa, wasu har suna kafa hujja da su. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake faɗarta ba.

Ɗanyen ganyen wiwi na ɗauke da sinadarin CBDA, wanda zafi ke mayar da shi CBD, kuma dukkansu ba sa bugarwa. Sai dai ganyen na ɗauke da wani sinadarin, THCA, wanda da zarar an sa masa wuta ya koma THC, shi ne mai sa maye. Ke nan wanda ya naɗa ya kunna, maye ya nema, komai sunan da ya ba shi.

A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka tace daga CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Likita ne ke auna shi, yana kuma bin lafiyar hanta, domin yana iya taɓa ta. Sauran da'awar, ta ciwon suga, hawan jini da daji, har yanzu bincike bai tabbatar ba.

Tsoronmu shi ne mai magani da lasifika ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya fara tallan "man wiwi" ga uwar da ɗanta ke faɗuwa. Ba ta da hanyar sanin me ke cikin kwalbar. Ga shi binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 10.6 ne ke shan wiwi, kuma doka ta haramta ta. NDLEA na kama mai ita.

Ba mu ƙi a bar jami'o'inmu su yi bincike ƙarƙashin NAFDAC ba. Amma yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar mai farfaɗiya ba CBD ya fi buƙata yau ba. Akwai tsofaffin magunguna masu araha, irin su fenobabiton, da ke tsayar da faɗuwa ga mafi yawan masu cutar. Gwamnatin Jigawa ta tabbatar ba sa yankewa a babban asibitin Gumel da asibitocin ƙauye, ta kuma horar da ma'aikatan da za su riƙa rubuta su.