Filin Mata: Ruwa Garau, Guba a Ciki

Zancenmu na wannan mako a kan ruwan sha ne, tun da yake mu ne masu tulu da randa.

A ƙasar Bangaladash, daga wajen 1970, an haƙa rijiyoyin burtsatse miliyoyi domin a raba jama'a da ruwan kududdufi mai kashe yara da gudawa. Ruwan ya fito garau, kowa ya yi murna. Ashe akwai wata guba a ƙarƙashin ƙasa, sunanta arsenik, ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ba a tabbatar da ita a rijiyoyin ƙasar ba sai 1993, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha.

Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Sai an yi shekara 5 ko fiye, sa'an nan baƙaƙen ɗigo-ɗigo su fito a ƙirji da baya, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta. In abin ya daɗe, ya kan kai ga ciwon daji na fata, ko na huhu, ko na mafitsara. Mata sun sha wuya ƙwarai, gama an ɗauka kuturta ce. An saki wasu, 'yan mata kuma sun rasa masu neman aure. Alhali ciwon nan ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

To, ina magani? Akwai magunguna masu kama guba a cikin jini su fitar da ita ta fitsari. Na fari, BAL, a Ingila aka yi shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka sami DMSA, watau wanda aka ba yaran Zamfara a 2010 sa'ad da gubar dalma ta auka musu. Ga wanda ya sha arsenik da yawa a tashi ɗaya, suna ceton rai. Amma ga wanda ya yi shekaru yana sha kaɗan-kaɗan, gwajin da likitoci suka yi a Bangal ta Yamma, ƙasar Indiya, wanda aka buga a 1998, ya nuna DMSA bai fi ƙwayar banza ba. Har wa yau su kan kwashe wasu sinadarai masu amfani a jiki. Saboda haka aikin likita ne, ba na mai tallar magani ba.

Sai kuma ƙwayoyin bitamin da seleniyam, waɗanda a kan ce suna kare jiki daga ɓarnar guba. Wanda ya fi nuna alamar amfani shi ne folik asid, domin yana taimakon jiki ya fitar da arsenik. Kuna da shi a alayyafo da wake da hanta. Seleniyam kuwa in ya yi yawa, gashi ke zubewa.

Babbar magana ita ce, duk maganin da aka sha ana ci gaba da shan ruwan nan, aikin banza ne. Shi ya sa a Bangaladash aka bi rijiyoyi ana aunawa, mai guba a shafa wa famfonta jan fenti, mai kyau kuwa kore. Ku lura kuma, tafasa ruwa ba ya kawar da arsenik, sai ma ya ƙara masa ƙarfi, don ruwan ne ke ƙonewa, gubar ta zauna.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In an haƙa sabuwar rijiya a unguwarku, musamman inda ake haƙar zinariya, ku matsa wa maigida a kai ruwan a auna. Wadda kuma ta ga baƙon tabo a jikinta, ta tafi asibiti, kada kunya ta hana ta.

Allah ya kiyashe mu, amin. Sai mako mai zuwa.