Jawabi Ga Masu Zargin Ma'auratan Da Ke Koyon Aikin Asibiti

 

Wannan takarda zuwa ga malamai da almajirai na Dandin Mahe, da na ƙasar Shagari da ƙasar Boɗinga baki ɗaya. Dalilinta wata magana ce da ta yawaita a zauruka da bakin kasuwa. Kadan yaro ya yi aure, ya bar amaryarsa ta tafi koyon ungozoma ko jinya, shi kuma yana koyon nasa aikin lafiya, sai a ce ya ɓata kulle, matarsa ta fi ƙarfinsa. Mu kuwa mun ce wannan zargi ɓatacce ne, ba shi da tushe ga littafi, kuma yana jawo asarar rayuka. Ga hujjojinmu, mai musu ya kawo tasa.

Na farko, ku san abin da kuke zargi. Koyon ungozoma shekara 3 ne, koyon jinya ma haka, likita kuwa shekara 6. Mijin yana iya zama a makarantar aikin lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, matar tana makarantar jinya da ungozoma a birnin Sakkwato. Ɗaki ɗaya suke haya, garin tuwo daga gida ake aiko musu. Ran da aikin dare ya faɗo mata a ɗakin haihuwa, shi ke riƙon jinjiri har gari ya waye. Ran da jarrabawa ta matso, ɗaya ya riƙe littafi yana tambaya, ɗaya yana amsa sunayen ƙasusuwa da awon magani, kamar yadda almajirai biyu ke yi wa juna tilawa. Kuɗin da tsaransu ke kashewa ga sutura, su ga kuɗin makaranta da na mota yake tafiya. In ta kasa a jarrabawar hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, ba takardar izinin aiki, sai ta sake. To, ina shashanci a cikin wannan? Mun duba, ba mu ga kome ba sai wahala da haƙuri.

Na biyu, ku dubi abin da rashinsu ke jawowa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna, a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ke rasa ransu. Ya kuma nuna, a arewa maso yamma, inda muke, haihuwa 16 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020, wato fiye da rubu'in na duniya duka. Abin da ke kashe su sananne ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin jego. Zubar jini yana iya ɗauke mace cikin sa'a biyu. Ku lissafa da kanku: kafin a nemi izinin maigida, a nemi kuɗi, a nemi mota cikin dare, a kai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nawa ya saura daga sa'a biyun nan? Wadda doguwar naƙuda ta bari da rai kuwa, sau da yawa takan tashi da yoyon fitsari, a kai ta asibitin Maryam Abacha a Sakkwato a yi mata ɗinki, wata kuma kafin ta komo miji ya sake ta. Ungozoma mai ilmi tana auna jinin mai ciki tun da nisa, ta gane naƙudar da ba ta gida ba ce, ta ba da maganin tsayar da jini da zarar ɗa ya faɗo. A shekarar 2013 gwamnatin Sakkwato ta soma raba wannan magani da na shafa wa cibiya har ƙauyuka. Amma magani ba ya ba da kansa, sai da hannu mai sani.

Na uku, hukunci. Kowane almajiri ya san farilla iri biyu ce, ta aini da ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma zargi mutanen zamaninsa da cunkushewa ga jayayyar fiƙihu alhali garuruwansu ba likita Musulmi. To, ku da kuke cewa ba ku yarda namiji ya duba matanku ba, wa zai duba su? Ba ku son namiji, kun kuma hana mace ta koya. Kun toshe ƙofa, kun toshe taga, sa'an nan kuna kuka hayaƙi ya kashe na ɗaki. Wanda ya bar matarsa ta koyi ungozoma, shi ne ya ɗauke muku nauyin da ke kanku, shi ne kuma ya tsare kunyar matanku. Godiya ta kamace shi, ba zunɗe ba.

Na huɗu, magabata. Ba mu tafi nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai safe da maraice, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In ka ce ai ilmin addini yake nufi, sai mu ce gaskiyarka, amma dubi gidansa. Ƙanensa Abdullahi ya wallafa Masalihul Insani a kan gyaran addini da na jiki tare. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basur. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji su bi ƙauyuka suna karantar da 'Yan Taru, ba ta ce mace ta zauna jahila domin hanya tana da nisa ba. Tun gabaninsu kuma, Rufaida Ba'aslamiya ta kafa hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Wane ne cikinku ya fi waɗannan kishin addini?

In ka ce makarantun nan akwai cuɗanya, sai mu ce wannan abin tsoro ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Amma maganinsa sutura, da masauki mai tsaro, da miji ko muharrami kusa. Shi ya sa muka ce aure da karatu tare ya fi, zama wadda ke koma wa ɗakin mijinta da maraice ta fi tsaruwa. In ka ce namiji ba ya hura wuta ba ya reno, sai mu ce koma ka karanta Shama'ilu, ka ga yadda Fiyayyen Halitta yake taimakon iyalinsa a gida. In ka ce ajali ne, sai mu ce ajali gaskiya ne, amma ba mu ga ka ƙi yin huɗa da damina ba domin arziki rubutacce ne.

Saura gargaɗi biyu. Ku ma'aurata masu karatu, amana kuka ɗauka. Kada ku gama ku maƙale a birni, ko ku tsere ƙasashen waje, ku bar ƙauyen da ya aiko muku da gero. Kada ku daka wa mai naƙuda tsawa, zama tsawa ɗaya takan hana mata goma zuwa awo. Kada ku sayar da maganin da aka ce kyauta ne, kada ku fitar da asirin majiyyaci, ko ga junanku. Ku kuma masu mulki, in yara sun gama ku ɗauke su aiki, ku biya su kan kari, ku sa ruwa da fitila da masauki a ɗakunan shan magani na ƙauye. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta soma tura ungozomai karkara, da yawa suka gudo saboda rashin biya da rashin wurin kwana. 'Yar gari, mai miji a gari, ita ke zama.

Muna roƙon limamai su karanta wannan ga jama'a bayan salla, malamai su karanta wa iyalinsu. Kowace unguwa ta dubi yarinya mai hazaƙa, a haɗa mata gudummawa, a ƙarfafa wa mijinta zuciya. Wanda yake da hujja daga littafi da ta rushe tamu, ya rubuto, za mu buga ta yadda ya aiko. Wanda ba shi da ita, ya kame bakinsa daga mutuncin bayin Allah.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu gane gaskiya mu bi ta. Haza wassalamu.