Wa yaron zai kai wa kukansa?

"Yaran yanzu ba su jin magana." Daga Maraɗi har Tawa, wannan kalma ta zama kamar gaisuwa a bakin iyaye. To amma kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaran da muke kuka da su, su ne mafi yawanmu, don haka ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikinsu.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ɗaukar shekara 10 zuwa 19 a matsayin zangon da yaro ke ƙetarawa zuwa girma. Masana sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai motsa fushi, sha'awa da son yabon abokai yana farkawa da wuri, tun balaga. Sashen da ke bayan goshi kuwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya nuna sosai sai wajen shekara 25. Kamar kabu-kabu ne mai sabon inji da birki sako-sako. Shi ya sa ɗan shekara 16 zai yi maka maganar hankali da safe, da marece ya yi abin da shi kansa zai ji kunyarsa. A wannan zango yana bukatar babba guda da zai saurare shi ba tare da bulala a hannu ba.

Kakanninmu ba su karanta wannan a lakwal ba, amma sun tanadi maganinsa. Sun san kunya ba ta barin uba ya zauna da ɗansa na fari su yi hira, sai suka ba wasu wannan aiki. Kaka abokiyar wasan jika ce, a ɗakinta ake faɗin abin da ba a faɗi gaban uwa. Goggo ke koya wa yarinya sirrin jikinta, kawu ke jan kunnen saurayi. A waje akwai samariya da sarkin samari, wadda gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974, inda matashi ke samun matsayi ta aikin gayya.

Yau fa? Iyali na gidan haya a Yamai, kaka tana ƙauye, uba ya tafi ci-rani, mushe yana fama da aji cike maƙil. Kunyar ta tsaya inda take, amma masu cike giɓinta sun watse. Sai yaro ya nufi fada, inda ake shan shayi, ake kiransa da sunan da yake so, ake tambayarsa in bai zo ba. Fada ba laifi ba ce, da yawa suna sharar unguwa da tallafa wa juna. Matsalar ita ce ɗan shekara 15 ne ke ba ɗan shekara 15 shawara, kuma mai saida tramol ya san hanyar wurin. Fim ɗin da Aisha Maki ta fitar a 2021 kan unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya nuna inda samari ke kaiwa in al'umma ta juya musu baya.

Ita yarinya ko fadar ma ba ta da ita. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matanmu ana aurar da su kafin shekara 18. Tana cikin neman gane kanta, an ɗora mata miji, uwar miji da goyo. Dokar Disamba 2017 mai kare karatun ƴaƴa mata tana nan, amma doka ba ta jin kukan dare.

Abin da muke kira gare shi ba ya cin ko dala. Kowane gida ya zaɓa wa yaronsa babban da ya yarda da shi, a ce masa a fili: ga wanda za ka je wurinsa, kuma sirrinka ba zai dawo tsakar gida ba. Dattawan unguwa su riƙa zama a fada, su sha shayi, su saurara kafin su yi wa'azi. Limamai su saka hakkin sauraron ƴaƴa cikin huɗuba, kamar yadda suke saka biyayya ga iyaye. Hukumomin gari su raya gidajen matasa, a ware wa ƴan mata nasu lokaci.

Kuma mu sa ido. OMS ta ce ɗaya cikin matasa bakwai na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Yaron da ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga abokansa makonni, a yi masa addu'a kuma a kai shi wurin likita. Kada a tsaya kan cewa iskanci ne ko iskoki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne. Amma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa da iccen. Allah ya shirya mana zuri'a.