Kasuwancin "Ƙwan Aradu": Inda Baƙo Ke Biyan Kuɗi Don Ya Haƙa

A al'adar haƙar ma'adinai, mai rami ne ke biyan lebura ladan gumin da ya zubar. Amma a tsakiyar jihar Oregon ta ƙasar Amurka, akwai wata sana'a da ta juya wannan tsari: mutum ya taso daga birni da iyalinsa, ya ɗauki diga da bokiti, ya wuni cikin rana yana tonon ƙasa, da la'asar kuma a ɗora abin da ya tono bisa ma'auni, ya biya mai gonar kuɗin kowace laba, ya koma gida yana murna.

Abin da suke nema shi ne dutsen aƙiƙ, wanda jama'armu suka sani a kan zobba da tsakiyar mata, musamman wani nau'insa da Turawa ke yi wa laƙabi da "ƙwan aradu". Ana danganta sunan da wata tatsuniya ta 'yan asalin yankin, wadda ke cewa aljanun tsawa da ke kan duwatsun Hood da Jefferson ne ke jifan juna da su, kamar dai yadda mu ma muke da "gatarin aradu". A ilmance kuwa, wani kogo ne ke samuwa cikin narkakken dutsen da ya fito daga aman wuta, sannan ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya riƙa tsiyaya ciki har ya daskare ya zama aƙiƙ. Galibinsu ba su wuce girman lemon zaƙi ba, kuma daga waje ba su da maraba da curin ƙasa. Sai an sa zarto mai bakin lu'ulu'u an raba shi biyu ne ake ganin zanen da ke ciki. A shekarar 1965 majalisar dokokin Oregon ta ayyana shi a matsayin dutsen alamar jihar, kuma gonar kiwo ta Richardson da ke kusa da garin Madras ta yi shekaru da dama tana karɓar baƙi masu haƙa bisa wannan tsari.

Ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya duba lissafin. Aƙiƙ ba ya cikin duwatsu masu tsada. Idan da mai gonar zai ɗauki ma'aikata, ya tono shi, ya loda a buhuna ya kai wa dillali, ribar ba za ta taka kara ta karya ba, domin ba kowane curi ne ke fitowa da kyau ba, kuma ba a sanin mai kyau sai an yanka. To, wannan rashin tabbas ɗin da ke zama hasara ga mai sayar da buhu, shi ne hajar da mai gonar ke sayarwa. Baƙo ya sayi curin a rufe, mai kyau da maras kyau duk farashi ɗaya, ya sake biyan ladan yanka a wurin, ya leƙa shagon gonar ya sayi wanda aka goge, sannan ya sha mai, ya ci abinci, ya kwana a garin. Aikin mai gonar shi ne ya kawo katafila lokaci-lokaci ta ɗauke ƙasar sama, ya gyara hanya, ya kuma tabbatar bangon rami bai rufta kan kowa ba. Ramin da kamfani zai ƙarar cikin 'yan watanni, baƙi masu diga sai su shekara da shekaru suna ciki.

Hukumomi ma sun shiga wannan harka. A jihar Arkansas, filin lu'ulu'u da ke kusa da garin Murfreesboro, inda aka fara tsintar dutsen a 1906, ya gagari kamfanonin da suka yi ƙoƙarin cin riba daga haƙarsa. A 1972 jihar ta mayar da shi gandun yawon buɗe ido mai filin tono kimanin eka 37, a biya kuɗin shiga, duk abin da mutum ya samu nasa ne. Baƙi sun tsinci lu'ulu'u fiye da 35,000 tun daga lokacin, akasarinsu ƙanana ƙwarai, amma labarin babba guda ɗaya ya ishi jawo dubban mutane.

Garin Idar-Oberstein na Jamus kuwa ya nuna inda ainihin kuɗin yake. Aƙiƙ na duwatsun garin ya ja baya a ƙarni na 19, amma magoga ba su rufe masana'antu ba, sai suka koma shigo da ɗanyen dutse daga Barazil, suna gogewa suna rina shi, har kayansu suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da Sahara. Tsohon ramin garin na Steinkaulenberg ya zama wurin ziyara. Mu ma mun taɓa sanin wannan darasi, lokacin da fataken Hausawa ke kai jan dutsen lantana daga yankin kogin Kwara zuwa Ilori, inda maƙeran garin ke huda shi su goge.

Tambayar ita ce ko wannan sana'a za ta yiwu a ƙasar nan, mai yakutu a Mambila, da duwatsu masu daraja a Nasarawa Eggon da kudancin Kaduna da Oyo, ga kuma tsofaffin filayen kuza na Jos. A ganinmu za ta yiwu, amma wanda ya kwaikwayi tsarin Oregon kai tsaye zai faɗa hannun hukuma. A Amurka, mai fili kan mallaki abin da ke ƙarƙashin filinsa. A Nijeriya kuwa, Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma a jerin lasisin da dokar ta tanada, daga na bincike zuwa na ƙananan mahaƙa, babu wanda aka keɓe wa ɗan yawon buɗe ido mai son ya tafi gida da dutse biyu ko uku.

Saboda haka misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na jihar Kwinsland ta Ostireliya, inda ma'adinai mallakar hukuma ne kamar a nan. A 1994 jihar ta yi doka ta musamman domin masu tono na sha'awa. Mutum ko iyali su yanki lasisi na wata guda ko har shekara, da kayan hannu kawai, ba a zurfafa rami fiye da mita 2, ba a kuma yin ramin ƙarƙashin ƙasa. Da wannan lasisi ake shiga filin aƙiƙ na Agate Creek.

Akwai masu cewa buɗe irin wannan ƙofa zai zama mafaka ga masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, kuma tsoronsu na da tushe. Ba a manta da gubar dalma da ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara a 2010 ba, balle rashin tsaron da ya sa aka hana haƙa a jihar daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Babu mai kai 'ya'yansa shaƙatawa inda ake fargabar 'yan bindiga. Amma wannan hujja ce ta a zaɓi wuri da dutse da kyau. A ware zinare da duk wani dutse mai tsadar da zai tara cincirindo, a fara da masu araha, a fili guda mai shinge, a hannun kamfani ko ƙungiyar gama kai da ta riga ta mallaki lasisin ƙananan mahaƙa. Abin da ake bukata daga Ma'aikatar Ma'adinai shi ne ƙa'idar da za ta ba mai lasisin izinin sayar wa baƙo abin da ya tono, tare da rasit da zai nuna a shingen bincike a hanyarsa ta komawa gida. Mai zuba jari kuma ya sayi zarto da injin gugar dutse, ya horar da mai aiki da su, tun kafin ya buga tikitin farko.