Kasuwar Sandar Gora Tana Gindin Dutse

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta samu karɓuwa a wurin ma'aikata da ɗalibai a manyan garuruwan ƙasar nan, wato hawan dutse don motsa jiki a ranakun hutu. Duk wanda ya fita da sassafe ranar Asabar a Abuja ko Jos zai ga jama'a ƙungiya-ƙungiya sun nufi duwatsun da ke kewaye da gari. Abin mamaki shi ne sandunan da wasunsu ke dogarawa na ƙarfen alminiyam ne da aka ƙera a ƙasashen waje, aka sayo da tsada, alhali kuwa ga gora nan tana fitowa a bakin rafuka da gindin duwatsu a Filato da Taraba da sauran wurare.

Sandar gora ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da ita makiyayi ke kora, da ita fatake suka ratsa dazuzzuka, da ita tsoho ke tafiya masallaci. Ba ta da nauyi, tana da ƙarfi, kuma takan ɗan lanƙwasa kafin ta karye. Ashe ke nan matsalar ba ta kayan ba ce, ta talla ce. Mai sassaƙa yakan ɗaure sandunansa dami guda ya kai kasuwar ƙauye ya zauna yana jiran mai saye, shi kuwa mai hawan dutse bai ma san da zamansa ba.

Akwai darasi a ƙasar Japan. Dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, yana karɓar mahaya daga watan Yuli zuwa farkon Satumba. A inda ake fara hawa ana sayar da sandar itace wadda ba ta da wani ado. A rumfunan da ke kan hanya akwai masu ƙarfen hatimi a cikin wuta, matafiyi ya biya 'yan kuɗi a buga masa tambarin wannan zango a jikin sandarsa. Kafin ya kai ƙololuwa sandar ta cika da tambura, ta zama shaidar tafiyarsa, abin da zai rataye a ɗaki ya nuna wa baƙi. Itacen ba shi da wata daraja ta musamman. Sunan wurin ne ya ba shi daraja.

Babu abin da zai hana a yi haka a nan. Ga Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Ga duwatsun Shere a gabashin Jos, ga Kufena a Zariya, ga Dala a Kano. Sandar da aka ƙona wa sunan ɗaya daga cikinsu, tare da shekarar hawa, ta wuce sanda kawai, kuma babu wata masana'antar ƙetare da za ta iya kawo irinta.

Gaskiya ne sandar ƙarfe ta fi gora a wuri guda: ana naɗe ta a jefa a jaka, ita kuwa gora tsawonta ɗaya ne, tana da wuyar ɗauka a mota ko jirgi. To amma wannan shi ke nuna inda ya kamata a kasa ta. Ba a kantin birni za ta yi kasuwa ba, sai a gindin dutse, daidai lokacin da mai hawa ya ɗaga kai ya ga abin da ke gabansa. Sandar da ke hannunka, in ji Hausawa, da ita kake kashe maciji.

Sai dai talla ba ta gyara mugun aiki. Wajibi ne a sari gorar da ta ƙosa, mai shekara 3 zuwa 4, kuma da rani, don ƙwari sun fi cin wadda aka sara ɗanya. A shanya ta a inuwa don kada ta tsage, a miƙar da ita a kan wuta. Maƙeri ya sa mata ƙarfe a gindi, baduku ya ɗinka mata mariƙi da maratayin fata. A yi ta tsawo uku, domin sandar dogo ba ta yi wa gajere. Mai sana'a ya ƙona sunansa a jikinta, ya kuma yarda ya musanya duk wadda ta tsage. Sanda ɗaya da ta karye a hannun mutum a kan gangare ta isa ta kashe kasuwar shekara guda.

Bugu da ƙari, ƙungiyoyin mahayan nan ta WhatsApp da Instagram suke shirya tafiye-tafiyensu. Ɗalibin da ya iya ɗaukar hoto zai iya haɗa kai da masu sassaƙa, ya nemi shugabannin ƙungiyoyi da 'yan jagora, ya ba su sanduna su gwada. Jagoran da ya riƙe sanda a gaban mutum 30 ya fi allon talla amfani.

Kada kowa ya ɗauka wannan hanya ce ta yin arziki dare ɗaya. Kasuwar ƙarama ce, kuma rashin tsaro ya rage masu zuwa wasu wuraren. Duk da haka sana'ar da za ta ciyar da mai sara da maƙeri da baduku da mai talla ba abin rainawa ba ce.

Saboda haka ya kamata Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 don bunƙasa ƙananan masana'antu, ta taimaka wa masu wannan sana'a su kafa ƙungiyoyin gama kai. Hukumomin yawon shaƙatawa na jihohi su ba su rumfuna a mashigar duwatsu, ma'aikatun gandun daji kuma su sa ido a riƙa dasa gora maimakon wadda aka sara. In ba a yi haka ba, za a wayi gari ana sayo sandar gora daga ƙetare da sunan Dala a jikinta.